Horon Sabuwar Waya: Ita Ke Horuwa Ko Kuwa Kunnen Mai Ita?

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wasu mutane waɗanda Allah ya ɗora wa son sauti mai kyau. Ba kiɗan ne kaɗai ya dame su ba, har da yadda zai fito daga cikin lasifika, domin burinsu shi ne mutum ya zauna a ɗakinsa ya runtse ido, ya ji kamar makaɗan suna tsaye a gabansa. Na'urorin da ake ƙerawa saboda wannan bukata su ne ake kira hai-fai, watau masu fitar da sauti daidai yadda aka ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Mai irin wannan sha'awa yana iya yin shekara yana tara kuɗi don ya sayi amfilifaya ɗaya, ya kuma raba dare yana jan lasifika nan da can a tsakar ɗaki har sai ya sami wurin da ya gamshe shi. Wannan duk ba laifi ba ne, kowa da abin da ya sa a gaba, wani doki, wani tantabaru.

Amma akwai wata magana da ta yi ƙarfi a tsakaninsu wadda ta kamata a zauna a dube ta da kyau, domin kuɗi masu yawa suna tafiya ta dalilinta. Maganar kuwa ita ce wai sabuwar waya ba ta ba da sautinta na gaskiya sai an hore ta, kamar yadda ake horon ɗan doki kafin a ɗora masa sirdi. Waya a nan ba ta tarho ake nufi ba. Ana nufin 'yar igiyar nan mai tsawon mita ɗaya ko makamancin haka, mai kai biyu a kowane gefe, ja da fari, wadda ke ɗauko sauti daga na'urar faifai ta kai shi cikin amfilifaya. Horon kuma shi ne a bar sauti yana bi ta cikinta dare da rana, wasu su ce sa'a 50, wasu 100, wasu 200, wasu ma fiye da haka, sa'an nan a zauna a yanke mata hukunci.

Ita dai wannan waya tsohuwar aba ce. Irin kan da ke bakinta, kamfanin RCA na Amurka ne ya fito da shi cikin shekarun 1930 don haɗa garmaho da rediyo, shi ya sa har yau ake kiransa da sunan kamfanin. Shekara da shekaru ba wanda ya ɗauki wayar a bakin kome, kyauta ma ake sako ta cikin kwali tare da na'ura. Sai a ƙarshen shekarun 1970 al'amari ya sake. Wani marubuci a Faransa mai suna Jean Hiraga ya rubuta cewa kunne yana iya rarrabe waya da waya, aka yi ta muhawara a mujallu. A 1979 Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a San Faransisko yana sayar da kakkaurar wayar lasifika, a 1980 kuma William Low ya kafa AudioQuest. Sannu a hankali waya ta tashi daga kyauta ta zama haja mai zaman kanta, har aka kai ga ana sayar da mita ɗaya a kan dala dubbai. Da tsada ta shigo, sai maganar horo ta biyo sawunta.

Masu wannan ra'ayi suna bayyana abin dalla-dalla, kamar mai ba da labarin ciwo. Sun ce ran da aka fito da waya daga kwali sautinta yakan yi kaifi, ganga ba ta da nauyi, muryar mawaƙi kamar an shaƙe ta. Bayan kwana biyu ko uku sai ta dushe, har mai ita ya fara da-na-sani. In ya daure, wata rana sai ta buɗe, kowane abin kiɗa ya koma mazauninsa, murya ta yi taushi. Don a gajarta wannan jira, wasu sukan kama rediyo a tsakanin tasha da tasha, inda ba a jin kome sai shuuu, su bar shi kwana da kwanaki. Akwai faya-fayai na musamman da aka buga saboda wannan aiki. Akwai kuma na'urori sukutum, irin su Cable Cooker, ma'anar sunan kuwa madafar waya, da Vidar ta kamfanin Nordost, waɗanda ake soka waya a ciki a bar ta wai tana dahuwa. AudioQuest kuwa ya bi ta wata hanya dabam, ya ɗaura wa wasu wayoyinsa ɗan akwatin batir mai bolt 72, ya ce aikinsa shi ne ya riƙe rigar wayar a shirye kullum. Har akwai masu cewa in aka bar waya makonni ba a yi aiki da ita ba, ko aka cire ta aka nannaɗe, to horon ya warware, sai an sake wani.

Ba abin mamaki ba ne da wannan magana ta shiga kunnen mutane, domin abubuwa da yawa lalle suna bukatar horo. Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar mota a shekarun baya ya san ba a sakar mata wuta ran farko. Fistin da ringi suna gogar jikin silinda, sai sun ci juna sun daidaita, sa'an nan a juye baƙin mai na farko wanda ya kwashe ɓurɓushin ƙarfe. Sabon takalmi yana cizo har fata ta yi laushi. A cikin kayan sautin ma akwai haka. Lasifika tana da faifan takarda ko makamancinta wanda ke kai da komowa, an riƙe shi da zoben roba a baki da wani ƙyalle mai tauri a baya, kuma waɗannan sukan ɗan saki bayan sun yi aiki, abin da ake iya aunawa da na'ura a gani. Amfilifaya mai bawul, watau 'yan kwalaben nan masu haske, ba ta daidaita sai ta ɗauki zafi. To amma mai karatu zai lura cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da ke motsi, ko gogayya, ko ɗaukar zafi. Tambayar ita ce, wanne ne waya take da shi daga ciki?

In aka yanka wayar haɗi aka duba, abu huɗu za a tarar. Akwai zaren jan ƙarfe a tsakiya, wani lokaci na azurfa. Akwai rigar roba da ta lulluɓe shi. A bayanta akwai saƙar jan ƙarfe kamar raga, wadda ke kare sauti daga hayaniyar wutar gida da ta tashoshin rediyo, sa'an nan rigar waje. Wannan tsari ba na jiya ba ne, wani Bature ɗan Ingila, Oliver Heaviside, ya yi rajistarsa tun 1880, shi ne kuma ya tsara lissafin da injiniyoyi suke bi har yau wajen sanin yadda saƙo ke tafiya a waya. Bisa wannan lissafi, halin waya a wajen sauti ya rataya ne a kan abu uku. Na farko turjiya, watau yadda ƙarfen ke ɗan hana wuta wucewa. Na biyu ajiya, watau yadda waya ke ɗan riƙe wuta tsakanin zaren tsakiya da saƙar waje. Na uku jinkiri, watau yadda take ƙin sauyin gudun wuta farat ɗaya. Dukansu ukun sun dogara ne ga irin ƙarfen, da kaurinsa, da irin robar, da tazarar da ke tsakani. In horo zai canja sauti, dole sai ya canja ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai a duba ƙarfin wutar da ake sa ran za ta yi wannan aiki. Na'urar faifan CD, idan kiɗa ya kai iyakar ƙarfinsa, tana fitar da kimanin bolt 2. Ƙofar amfilifaya da wannan wuta za ta shiga kuwa tana da turjiya daga om 10,000 zuwa om 47,000 a mafi yawan na'urori. Ke nan wutar da ke bi ta cikin wayar ba ta wuce kashi 1 cikin 5,000 na amfiya ɗaya ba. Ƙwan tocila irin na da, mai cin batir biyu, yana jan fiye da haka sau 1,000. Wutar da ba ta isa ta sa ƙwan tocila ya yi ko ja ba, ita ce ake cewa za ta sake halin jan ƙarfe, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000, ko laushi ma ba ya yi sai an gasa shi da zafin ɗaruruwan digiri. Masu cewa wuta tana share wa kanta hanya a cikin ƙarfe sun ɗauka gudu take yi daga wannan kai zuwa wancan kamar ruwa a kwata. Wutar sauti ba haka take ba, gaba da baya take yi, sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ƙwayoyinta suna rawa ne kawai a inda suke tsaye.

Turjiyar mita ɗaya na waya ba ta kai om 1 ba, a gaban om 10,000 kuwa wannan ɗigo ne a cikin tulu. Ajiyarta kimanin fikofarad 100 ce a kowace mita. In aka yi lissafi da na'urar da ƙofar fitarta ke da om 1,000, wanda ma ya fi na yawancin na'urori, za a ga wannan ajiya ba ta rage sauti sosai sai a wajen girgiza 1,600,000 a daƙiƙa. Kunnen ɗan Adam kuwa iyakarsa 20,000, shi ma a ƙuruciya, yana raguwa da shekaru. Saboda haka ko da horo zai ninka ajiyar nan biyu, ko ya raba ta biyu, abin zai faru ne can sama inda ko jemage ba ya ji.

Ba wai ajiya ba ta da illa ba ne ko kaɗan, tsawo ne ke sa ta yi illa, kuma tarihi ya nuna haka. A 1858 aka shimfiɗa wayar tangarahu ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, daga Ailan zuwa Niyufanlan, tafiyar kimanin kilomita 3,000. Saboda yawan ajiyarta saƙo ya riƙa tafiya kamar hawainiya, har gaisuwar Sarauniya Biktoriya mai kalmomi 98 ta ci kusan sa'o'i 16 kafin ta gama isa Amurka. Mai kula da lantarkin kamfanin, Wildman Whitehouse, ya ga dabara ita ce a ɗura mata wuta mai ƙarfi, ya sa mata kimanin bolt 2,000. Rigar wayar ta lalace, cikin kamar mako uku ta mutu murus. Wannan waya kam wuta ta canja halinta, sai dai ba ta fuskar gyara ba. Wayar ɗakin mai hai-fai kuwa ta gaza waccan tsawo sau miliyan 3, wutar da ke cikinta kuma ta gaza ta Whitehouse sau 1,000.

Hujjar masu horo da ta fi kowace ƙarfi tana wajen rigar roba, kuma ya kamata a ba ta hakkinta, domin akwai gaskiya a gindinta. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa in aka cika kafasita da wuta, aka juye ta, aka bar ta, bayan an jima sai a tarar 'yar wuta ta sake tsattsafowa, kamar soson da aka matse aka ajiye. Robar ce ta tsotse ta, take sakinta a hankali. Wata roba ta fi wata wannan hali. Teflon da foliyetilin kaɗan suke tsotsa, PVC kuwa ta fi su nesa ba kusa ba, shi ya sa masu ƙera waya mai kyau suke guje mata a rigar ciki. Har nan ba gardama. Inda magana ta karkace shi ne inda aka ce wai robar tana daina wannan hali in ta sha kiɗa sa'a 200. Halin na jikin robar ne, yadda yake ran farko haka yake bayan shekara goma, kamar yadda soso ba ya daina shan ruwa don an daɗe ana wanka da shi. Bugu da ƙari, wutar sauti tana juya fuska kowane lokaci, abin da ta tura yanzu shi za ta janye nan take, ba ta zauna a gefe ɗaya ba balle ta bar sawu. Ɗan abin da ya tsattsafo kuwa, na'urar da ke tura sautin ta fi ƙarfinsa, tana shanye shi tun bai kai ƙofar amfilifaya ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta raba wannan gardama ba tare da an tambayi kunnen kowa ba. A tura sauti iri ɗaya ta cikin sabuwar waya da horarriya, a kifar da na ɗaya, a haɗa shi da na ɗayar. Duk abin da suka yi tarayya a kai zai kashe juna, abin da ya rage shi ne bambancinsu. Na'urorin awo na zamani suna ganin bambancin da bai wuce kashi 1 cikin miliyan ba. Amma duk da shekarun da aka kwashe ana wannan zance, masu da'awar horo ba su kawo wani awo da sauran injiniyoyi suka maimaita suka tabbatar ba. Sa'an nan a dubi inda ake aiki da waya a kan abin da ya fi kiɗa muhimmanci. Na'urar asibiti mai zana bugun zuciya tana karanta wutar da ba ta wuce kamar kashi 1 cikin 1,000 na bolt ba, ran mutum kuma ya rataya a kanta, amma ba a taɓa cewa likita ya jira sa'a 200 kafin ya amince da sabuwar waya ba. Haka kuma faifan da mai hai-fai yake saurare, kafin ya zo hannunsa sautin ya ratsa mitoci masu yawa na wayar yau da kullum a ɗakin ɗaukar murya, wadda ake sayowa a ƙunshe a yayyanka, in ɗaya ta tsinke a sa sabuwa a ci gaba da aiki nan take.

Kada wannan ya sa a ce waya duk ɗaya ce. Wadda saƙarta ba ta da kyau tana shigo da gurnanin wutar gida, kowa yana ji. Wayar da ke fitowa daga allurar garmaho, musamman irin kan allura mai maganaɗisu mai motsi, ajiyarta tana canja kaifin sauti ƙwarai, har masu ƙera kan allurar sukan faɗi adadin ajiyar da ta dace da shi. Haka wayar gita mai lantarki, in ta yi tsawo sauti yakan dushe. Amma duk waɗannan bambance-bambance suna nan tun minti na farko, ba sa jiran kwanaki. Akwai kuma wani abu da ke ruɗin mutane. Tsohon kan waya da ya shekara a soke yakan yi dauɗa da tsatsa-tsatsa a inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe, musamman a wuri mai laima ko ƙura. Cirewa da sokawa kaɗai tana kankare wannan dauɗa. Sai mutum ya sa sabuwar waya ya ji sauti ya washe, ya yaba wa kuɗinsa, alhali da tsohuwar ya cire ya goge ya mayar, da abin da zai ji ke nan. Amfanin ruwan zinariya da ake shafa wa kan waya ma bai wuce wannan ba, watau ba ya tsatsa.

To, in waya ba ta canjawa, me dubban mutanen nan suke ji? Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba daidai ba ne a ce ƙarya suke yi. Suna jin canji, sai dai ba a cikin waya yake ba. Kunne ba ma'auni ba ne irin na ɗan koli, ƙwaƙwalwa ce take fassara abin da ya kawo mata, kuma tana sabawa. Wanda ya koma gida a bakin titin mota, satin farko ba ya barci, bayan wata ɗaya sai baƙo ne zai tuna masa da ƙarar. Wanda ya sa sabon tabarau yakan ga ƙasa tana tasowa, bayan kwana biyu ta koma daidai, ba kuwa gilashin ne ya horu ba. Ga shi kuma masana sun nuna cewa ainihin kamannin sauti daƙiƙoƙi kaɗan yake yi a ƙwaƙwalwa kafin ya fara gushewa, abin da ke saura sai ra'ayin da mutum ya yi game da shi. Mai kwatanta sautin yau da na mako uku da suka wuce, ra'ayi yake kwatantawa da ra'ayi. A tsakanin nan ya yi mura ya warke, ya saurara da gajiya ya saurara da hutu, an buɗe taga an rufe. Kujerarsa ma ta isa. Sauti mai girgiza 10,000 a daƙiƙa, tsawon zangonsa a iska bai kai santimita 4 ba, yana kuma dukan bango yana dawowa ya gauraya da mai fitowa daga lasifika, saboda haka gusar da kai da faɗin tafin hannu yana canja abin da ke shiga kunne fiye da duk abin da waya za ta iya yi.

Sai kuma aikin ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a wannan fage kuwa maganar ta tabbata ta hanyar da ba a zata ba. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman na Amurka, suka sa mutane su saurari lasifikoki iri-iri su ba su maki, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya an sa labule. Da ana gani, manya masu tsada masu ƙyalli suka yi wa sauran nisa. Da aka sa labule sai tazarar ta ragu, makin ya sake. Ƙwararrun masu saurare ma ba su tsira daga wannan ba. In ido yana yin haka a kan lasifika, wadda bambancinta a fili yake, ina ga waya? Saboda irin wannan ne tun a 1982 wani injiniya, David Clark, ya bayyana a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES wata na'urar gwaji da ake kira ABX. Mai saurare yana jin abu na farko, ya ji na biyu, sa'an nan a ba shi na uku wanda ɗaya ne daga cikinsu, shi bai san wanne ba ne, mai gwada shi ma bai sani ba, a ce ya faɗa. A 2007 James Randi, mai fallasa masu da'awar abubuwan al'ajabi, ya sa dala miliyan 1 ga duk wanda zai rarrabe wata wayar lasifika ta kamfanin Pear mai dala 7,250 da ta Monster a irin wannan gwaji na rufe ido. Michael Fremer na mujallar Stereophile ya amsa, amma aka yi ta ja-in-ja a kan sharuɗɗa, kowane gefe yana ɗora wa ɗaya laifi, gwajin bai yiwu ba.

Wani abin lura shi ne, a labaran horo kusan kullum waya gyaruwa take yi. Da wuya a ji wanda ya ce tasa ta fito daga kwali da daɗi, bayan sa'a 200 ta lalace. In da canjin na ƙarfe da roba ne, ai da wata ta gyaru wata ta ɓaci, domin roba ba ta san abin da mai ita yake so ba. Abin da kullum yake karkata zuwa ga son mai shi, wannan sabo ne, tare da nauyin kuɗin da aka riga aka biya. So kuwa, an ce, hana ganin laifi.

A nan ne zancen ya taɓa aljihu. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki, a Amurka kuma kantuna da yawa kwana 30 suke bayarwa. Magidancin da ke sauraren kiɗa sa'a biyu kowane dare bayan ya taso daga aiki, kafin ya cika sa'a 200 sai ya yi kwana 100. A cikin kwana 30 sa'a 60 kawai zai samu. Ke nan in ya sa waya ran farko bai ji abin da aka yi masa alkawari ba, ya koma kanti aka ce ya yi haƙuri ba ta horu ba tukuna, kafin wa'adin horo ya cika wa'adin mayarwa ya shige, kunnensa kuma ya riga ya saba. Ba a ce kowane ɗan kasuwa da gangan yake yin haka ba. Da yawansu sun gaskata abin da suke faɗa, wasu suna dafa wa mai saye waya kyauta kafin su ba shi, wasu suna ƙara masa kwanakin gwaji. Amma ko da niyya ko ba niyya, maganar horo gefe ɗaya take amfana, kuma ta toshe ƙofar ƙorafi, domin duk ran da mai saye ya ce bai ji daɗi ba, akwai amsa a shirye, ko dai horo bai isa ba, ko kuwa ya motsa wayar ya warware shi. Mai barin amfilifaya mai bawul a kunne dare da rana saboda waya kuwa, ban da kuɗin wuta, yana cin kwanakin bawul ɗinsa ne, su kam suna tsufa da aiki.

Wanda ya fi amincewa da kunnensa bisa lissafin injiniya yana da hanyar da zai gwada a ɗakinsa, ba ya bukatar na'urar Clark. Ya sami waya biyu iri ɗaya, tsawo ɗaya, daga kamfani ɗaya. Ɗaya ta zauna a kwalinta, ɗaya a bar sauti yana bi ta cikinta ba tsayawa har sa'a 200, watau kwana 8 da sa'a 8. Ran gwaji ya nemi wani amintacce ya jefa kwabo sau 10 a ɓoye, ya rubuta abin da ya fito, kai sabuwa, wutsiya horarriya. Kafin kowane zagaye mai saurare ya fita waje, mataimakin ya cire wayar da ke ciki ya soka wadda takarda ta ce, ko da ita ce dai wadda ya cire, ya rufe bayan na'urar da zane, shi ma ya bar ɗakin don kada fuskarsa ta ba da labari. Kada a taɓa maɓallin ƙarar sauti ko kaɗan, domin ɗan ƙarin ƙara yakan zo wa kunne a matsayin ƙarin daɗi. Mai saurare ya zauna a kujera ɗaya, ya sa waƙar da ya fi sani, ya ɗauki lokacin da ya ga dama, ya rubuta abin da ya ji, kada a duba takardun sai an gama. In ya ci 5 ko 6 ko 7, wannan ko wanda bai saurara ba yana iya samu da cinta. In ya ci 9 ko 10, abin da sa'a kaɗai ba ta bayarwa sai kamar sau 1 cikin 100, to ya sake gwajin wata rana, in ya maimaita yana da labarin da injiniyoyi za su so su ji. Duka aikin kwana 9 ne ko 10, ke nan mai kwana 14 yana da sauran kwana huɗu na komawa kanti, in sharuɗɗan cinikin sun yarda a karɓi wayar da aka yi aiki da ita.